Daɓen da Ba a Takawa

Allah ya jiƙan Gwaggo Dija, ya kai haske kabarinta. Na fara da addu'a ne don kada wani ya ce ban san hakkinta ba, domin abin da zai biyo baya ba yabo ba ne zalla. Matar nan ta ba ni wahala. Ta ba mijinta wahala, ta ba ɗanta, ta ba kajin unguwa da awakinsu, kuma duk a kan abu guda: ƙasan ɗakinta.

Yayar babana ce. Mu tagwaye aka haifa, da aka yaye mu sai aka ga biyu sun yi wa Inna yawa, aka ɗauko ni, Husaina, aka kai mata riƙo a gidan mijinta Ɗanmusa, nan cikin garin Gummi. A ɗakinta na yi wayo, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji. Gidan mijin kuwa, in ta tsaya jikin katanga ta ɗaga murya ina jin ta sarai. Wannan kusancin shi ya cuce ni.

Ɗakin ba wani babba ba ne, gado ɗaya da jeren kwanuka sun kusa cinye shi. Ƙasansa daɓe ne irin na da, wanda mata ke taruwa su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yi ta duka da madaɓi suna waƙa har ya kwanta. Amma na Gwaggo ya fita daban. Baƙi ne mai ratsin ja, sumul, in aka buɗe ƙofa da hantsi sai ka ga hasken tsakar gida kwance a cikinsa. In gari ya ɗauki zafi ka kwanta a kai ba tabarma, sanyinsa ya ratsa ka har ƙashi. Gara ba ta taɓa huda shi ba, ƙura ba ta tashi a kansa. Nan kam ba zan ci hakkinta ba, ɗaki ne.

Sai dai kyan ba daga sama ya faɗo ba, daga gwiwoyinmu ya fito. Kowace bazara in ɗorawa ta nuna, kowa abin cikinta yake jira: yara su sha gari har bakinsu ya yi rawaya, mata su kwashi kalwa su yi daddawa. Gwaggo ita ɓawon take jira. Gida gida take bi tana tattara shi, har ƙauyukan bakin gulbi take aikawa a tara mata. A daka shi a turmi, a zuba a babbar tukunya da 'yar gabaruwa, a bar shi ya tsumu har ruwan ya yi duhu ya yi kauri. Shi ne makuba. Warinsa yana kama maƙoshi, in kuwa ya taɓa hannu to sai fata ta sake kafin ya fita. Na sha zuwa biki mata suna tambaya ta wace gwanar ce ta ɓata min lalle haka.

Ranar shafa, kaf kayan ɗakin ake fitarwa, har gadon ƙarfen nan da sai an nemo maza. A share, a yayyafa ruwa har saman daɓen ya yi laushi, a bi duk wata 'yar tsaga a cike ta da jar ƙasa, a murje da dutsen gulbi mai santsi. Sannan a durƙusa da tsumma a shafa makuba. Daga ƙurya ake farawa, ana shafawa ana ja da baya, ta yadda tsumman ƙarshe a bakin ƙofa zai sauka, mai shafa tana waje. Daga nan sai Gwaggo ta rataye tsohon zane a ƙofar, doka ta fara aiki: ba mai takawa sai ta ce ya bushe. Ba sai ya bushe ba, sai ta ce.

Wannan doka ba ta san girman kowa ba. Baba Ɗanmusa, mutumin da in ya yi gyaran murya a zaure samari ke miƙewa, ya taɓa barin hularsa ta Juma'a a rataye cikin ɗakin. Da aron hula ya je masallaci, ta yi masa yawa, tana rufe masa kunnuwa. Zakaran maƙwabta ya taɓa kutsawa ya yi zagaye ɗaya ya fito. Da yamma aka aika wa mai shi da cinya guda da ban haƙuri. Kamilu, ɗanta na fari, yana yaro ya bi ƙwallonsa ta tsumma ciki, taku biyu kacal. Ba zan faɗi abin da ya same shi ba tun da yanzu babban mutum ne, amma ya daɗe yana zama a gefe guda. Duk yaron da ya tashi a unguwarmu, kafin ya san harafin farko a allo ya san ba a taka daɓen Dija da lema.

Da can aikin bai yi nauyi haka ba, don gayya ake yi. Matan unguwa su zo mata, ita ma ta je musu, a dama fura, a yi hira, kafin azahar an gama. To sai siminti ya shigo gari. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara 'ya'yan mutane suka sami aiki a Gusau, kowa ya dawo yana yi wa uwarsa siminti, wasu har da shimfiɗa leda mai zanen fulawa. Tsofaffin ƙawayenta suka bi juna zuwa inda ba a dawowa, Baba Ɗanmusa ma ya bi su. Matan da suka rage, in ta aika kiran gayya, wannan ta ce ciwon baya, waccan ta ce miji bai bari ba. A ƙarshe gayyar Gwaggo ta koma mutum ɗaya, kuma kun san ko wace ce. Ina da 'ya'ya, ina da miji, ina da sana'ar ƙuli-ƙuli da ke jira na, amma da ɗorawa ta nuna sai in ji daga bayan katanga: "Husaina! Ke Husaina!"

Na roƙe ta, na yi fushi, na yi ƙaryar zazzaɓi. Na ce mata duniya ta ci gaba. Ta ce ta ci, ita ba ta riƙe ta ba.

Shekarar da abin ya faru, gwiwoyinta sun riga sun gama aiki. A shafar da ta gabata ta durƙusa ta kasa tashi, sai da na ciccibe ta kamar buhu. Labari ya kai wa Kamilu a Gusau. Shi taubashina ne, ɗan mace ni 'yar namiji, don haka ba abin da ba na faɗa masa, amma a wannan magana bakinmu ɗaya. Ya ɗauki hutun 'yan kwanaki, ya iso da buhunan siminti a bayan a-kori-kura, aka jibge su a zaure. Ya shiga ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa, ni ina bakin ƙofa ina ba shi ƙarfi da ido.

Ya ce, "Inna, daɓenga ya ishe ki haka nan. Likita ya ce gwiwunki ba su ɗaukar durƙuso. Kuma mutane na hwaɗin ina Gusau ina cin albashi, uwata na kwana bisa ƙasa. Gobe Shitu magini na zuwa, a hwasa a zuba siminti, ki huta, mu ma mu huta."

Gwaggo ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, ko kallonsa sosai ba ta yi. Bango ta duba, ta ce, "To. In haka kunka gani."

Shi ke nan. Ba faɗa, ba tsaki, ba "sai bayan raina". Da ina da hankali, wannan "to" ɗin kaɗai ta isa ta hana ni sukuni. Matar da ta yanka zakaran mutane a kan zagaye ɗaya, ita ce za ta ce "to"? Amma murna ta rufe min ido. Na ga kaina bazara mai zuwa da farin hannu, ina zaune ina shan ɗorawa kamar kowa. Da kaina na kwashe kwanuka da tasoshi da akwatuna na kai rumfa, har ina 'yar waƙa. Gadon kawai ta ce a bar mata ta yi kwanan ƙarshe, da safe maza su fitar. Na ji warin makuba ta bayan ɗaki, na ce a raina ragowar bara ce, gobe in zubar da ita in wanke tukunyar in huta da ganinta.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, na shigo na tarar da Kamilu da Shitu magini tsaye a ƙofar ɗakin, Shitu da diga a kafaɗa, ba mai motsi. Na leƙa ta tsakaninsu.

Daɓen yana ƙyalli, jiƙe sharkaf da sabuwar makuba tun daga dokin ƙofa har ƙafafun gado. A kan gadon kuma ga Gwaggo Dija a zaune ta miƙe ƙafafu, hannuwanta ja har gwiwar hannu. Gefenta buta da 'yar tasa, carbi, rediyonta, sandarta, da wani babban kwano cike da makuba da tsintsiya a ciki. Bayan sallar asuba ta ja jiki ta yi aikin ita kaɗai, kuma a karo na farko a rayuwarta ta juya shi. Daga ƙofa ta fara, ta yi ta ja da baya har ta haye gado.

Ta ce, "An kwana lahiya? Ku ji da kyau. Wanda dut yat taka man daɓe kahin shi bushe, ban yahe mai ba, duniya da lahira."

Kamilu ya ce, "Inna, hwasa shi za a yi! Mi ar ruwan wanda za a hwasa da bushewa?"

"To ku jira shi bushe, ku hwasa."

"Yaushe za shi bushe?"

"In nic ce ya bushe."

Tana faɗin haka ta tsoma tsintsiya a kwano ta watsa wa wani gefe da ya fara shan iska. A nan na gane lissafinta, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Ta san hutun Kamilu gajere ne, ranar Litinin dole ya kasance a ofis. Ita dai ta riƙe daɓen da lema har ya gaji ya tafi. Shi kuma ya rantse a tsakar gida, kowa na ji, cewa ba zai bar Gummi ba sai siminti ya kwanta a ɗakin nan, ko da aikin zai tafi. Jini ɗaya ne, ba wanda zai ce wa wani mai taurin kai.

Ya juya ga Shitu ya ce ya shiga ya fara ta gefen ƙofa. Shitu ya sauke diga a hankali ya jingine ta.

"Malam Kamilu, ni sai dai ka hwara shiga. Matagga ta taɓa bi na da muciya har bakin masallaci ina yaro. Yanzu kuma ga abin da tac ce. Ina da iyali."

Kamilu ya cire takalmi. Na gan shi da idona, mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a sakandare, ya ɗaga ƙafar dama ya kai ta kan dokin ƙofa. Ta tsaya a sama. Ya daɗe a haka kamar zalɓe a bakin gulbi, sannan ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Na ce masa, "Ashe dai har yanzu wurin na ciwo." Bai ko yi dariya ba. Ba dukan yarinta ne kawai ya riƙe shi ba, kowa ya san abin da "ban yafe ba" take nufi in ta fito daga bakin uwa.

Haka aka wuni. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, kowa da shawararsa. Wani ya ce a shimfiɗa katako a bi ta kai, ta ce katako ma takawa ne. Aka kira limamin unguwa, ya tsaya daga waje ya yi mata nasiha a kan tausaya wa 'ya'ya, ta saurara da ladabi, ta ce Allah ya saka da alheri, ta watsa makuba kusa da ƙofa har ta ɗan fallatsar masa a riga. Ni aka bari da ciyar da ita. Na ɗaure ƙoƙo a bakin doguwar gorar da yara ke tsinkar mangwaro, ina miƙa mata fura daga ƙofa kamar mai ba kura abinci. Ta kurɓi kaɗan ta mayar. Ruwa kuwa ta ƙi shi sam, na butar ma na alwala ne, a zaune take sallarta.

Na ce, "Gwaggo, ki sha ruwa, zahi a kai."

Ta ce, "Wanda yash sha ruwa, hita ka kama shi."

Wallahi a lokacin da zan iya kai hannu gare ta, ban san abin da zan yi ba.

Da la'asar mutane suka watse, Kamilu ya tafi zaure yana huci. Na zauna a dokin ƙofa, ƙafafuna a waje, na buɗe mata wuta. Na ce ta mai da mu abin dariya a gari. Na ce shekara nawa ina bautar ƙasa kamar wadda ba ta da gidan kanta. Na ce ƙasa ce fa, ƙasa, wadda kowa zai koma cikinta, me ke cikinta da za ta kashe kanta a kai? Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta ɗauki sandarta ta nuna ƙuryar gabas.

"Kin ga can? Innata ta daɓe shi, da za a kawo ni gidanga. Hannunta nauyi gare shi, shi as sa wurin bai taɓa tsagewa ba. Nan tsakiya Ladi ta, ƙanwar Innata, da waƙa taka duka, in kin duba bugun nata a jere yake. Can bakin ƙohwa, inda kike zaune, inda yal lotsa kina ta ƙorahi ruwa na kwantawa, Asabe ta. Ƙawata. Raguwa ta, surutu taka yi ba aiki ba. Kullum sai na cike mata."

Ta bi ɗakin kaf da bakin sanda, taki bayan taki, tana kiran sunayen matan da wasunsu ban taɓa gani ba. Na shafe wuraren nan da hannuna ya fi a ƙirga, ban taɓa sanin na wani ba ne. Ni tudu da kwari kawai nake gani, ina tsine wa wadda ta yi aikin.

Ta ce, "Babu ko ɗaya da tar rage. Kabarinsu ma ban san wane na wane ba, mata ba su zuwa. Nan ɗai nika ganinsu. Shi mutumin Gusau shi zo da diga."

Tausayinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma haushi bai sake ni ba. Na ce, "To mi ya hana ki hwaɗa mai haka tun jiya?" Ta ce ita ba ta zama tana yi wa ɗan fari bayani. Kun ji fa. Ta gwammace ta mutu a kan gado da ƙishirwa da ta buɗe baki ta yi wa ɗanta magana huɗu. Na je zaure na faɗa wa Kamilu abin da ta ce. Ya kalli buhunan siminti, ya ce matattu ba su da gwiwa, ita ke da ita, kuma ya riga ya rantse.

Washegari zafin ya fi na jiya. Rufin ɗakin kwano ne, Kamilun ne ma ya sa mata shi shekarun baya, shi kam ta karɓa ba gardama tun da ba ƙasa ya taɓa ba. Kafin azahar ɗakin ya koma tanda, ga warin makuba ya cika shi. Ta ƙi fura, ta ƙi ruwa. Muryarta ta dushe amma tsintsiya ba ta daina aiki ba. Ni da Kamilu muna rumfa, ba mai yi wa wani magana, kowa yana jin haushin kowa.

Kaza ce ta ankarar da ni. Wata ja mai 'ya'ya ta zo bakin ƙofar, ta leƙa, ta ɗora ƙafa a doki, ta miƙa wuya ciki. Na jira tsawar da na saba ji tun ina yarinya. Ban ji komai ba.

Na tashi da gudu. Gwaggo ta zame ta kwanta a karkace, kanta ya rataya a bakin gado, tsintsiyar ta faɗi ƙasa. Kamilu ya riga ni isa ƙofar. Ya dafa bango da hannu biyu yana kira, "Inna! Inna!" da wata murya da ban san shi da ita ba, ƙafarsa tana ɗagawa tana komawa. Ba zan zarge shi ba. Shi ta haifa, a kansa maganar ta fi nauyi.

Ni ma maganar ta haɗa da ni, ai ba ta ware kowa ba. Na tuna da haka sarai, kada a ce mantawa na yi. Na ture shi gefe na shiga.

Daɓen yana da santsi da danƙo, ina jin yana kama tafin ƙafata yana saki. Na isa gadon na ɗauke ta. Matar da ta cika unguwa da tsoro, ashe ba ta fi damin kara nauyi ba. Na fito da ita a hankali don kada mu zame, na shimfiɗe ta a rumfa. Muka yi ta zuba mata ruwa, Kamilu ya hau babur ɗin maƙwabci ya ɗauko malamin asibiti, aka rataya ledar ƙarin ruwa a jikin azarar rumfa. Sai wajen la'asar ta buɗe ido.

Ba ta tambayi inda take ba, ba ta ce sannunku ba. Ƙofar ɗakin ta juya ta kalla. Daga inda take ana ganin komai: sawu a jere daga ƙofa zuwa gado, wani jerin kuma daga gado zuwa ƙofa, makubar ta ɗaye a kowane taku, ƙasa ta lotsa. Ta dubi ƙafafuna, ja har idon sawu. Ta mayar da ido ta rufe.

Kamilu ya sauko a ranar. Ya yi kaffarar rantsuwarsa, simintin aka yi bakin rijiya da shi da bayan gida. Amma ya kafa sharaɗi ɗaya, kuma ta karɓa: ba za ta sake durƙusawa a kan daɓen nan ba har abada. To wa zai durƙusa? Ya hau mota ya koma Gusau da farin hannunsa, kowa na yaba masa biyayya. Ni da na taka, ni aka bar wa aikin gaba ɗaya, ga kuma maganarta rataye a wuyana.

Shekara guda na yi ina ɗauke da ita. Gwaggo tana min magana kamar kullum, ta aike ni, ta kushe miyata, ta yi wa 'ya'yana wasa, amma zancen ranar ko sau ɗaya. Sawun suna nan, sun bushe a yadda suke, ta shimfiɗa tabarma a kai. Na taɓa cewa, "Gwaggo, maganar nan da kinka yi rannan..." sai ta tambaye ni nawa ake sayar da tiyar gyaɗa. In na yi sallah abin ya faɗo min. In yarona ya yi zazzaɓi abin ya faɗo min. Kuma ina jin haushi, haushi mai tsanani, don ni na ceci ranta, ni ce kuma mai laifi.

Da ɗorawa ta sake nuna, ban jira kira ta katanga ba. Na tara ɓawo, na daka, na jiƙa. Aka fitar da kaya, aka naɗe tabarmar. Ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugune a bakin ƙofa daga waje, ta zauna da sandarta tana ba da umarni kamar ban taɓa ganin makuba ba. Na yayyafa ruwa, na kwaɓa jar ƙasa mai yawa, don na ƙudurta sawun nan zan fara shafewa in huta da ganin laifina. Na cike na farko, na murje da dutse. Na cike na biyu. Ta bar ni har na gama da jerin da ya nufi gado. Na juya ga ɗaya jerin, na ɗebo ƙasa, sai na ji sanda a bayan hannuna, ƙwal.

"Bar waɗanga."

Na ce, "Gwaggo, rami na. Sun hi waɗancan zurhi, ruwa za shi kwanta ciki."

"Na san sun hi zurhi. Na shiga ke ɗai ta, gudu kika yi kamar saniya. Waɗanga na hita mu biyu na."

Na tsaya da ƙasa a hannu. Sawun sun fara daga inda gado ke zama, sun ratsa ta wurin Ladi, na ƙarshe ya sauka a lotsatsen wurin Asabe, dab da ƙafarta. Na ce, "To yahiyar fa? Shekara guda ina jira."

Ta ja tsaki. "Sakarya. Ana aje sawun wadda ba a yahe ma ba tsakanin Innata da Asabe? Shahwa ki ja baya, yana shan iska."

Na shafa ina kuka, hawaye na ɗiga cikin kwano, ita kuma tana nuna min da sanda wata kusurwa da ta ce na tsallake. Ban tsallake ba. Na koma na sake shafawa.

Ta yi bazara uku bayan wannan. Yanzu ba mai kwana a ɗakin sai baƙi, Kamilu kuma bai sake kawo zancen siminti ba. Gwiwoyina sun fara irin nata, mijina ya gaji da magana, 'ya'yana mata sun ce su kam ba da su ba. Kowace shekara sai na ce bana ce ta ƙarshe. Sai ɗorawa ta nuna, in tsinci kaina a durƙushe a ƙurya ina ja da baya, ina mita ni kaɗai, ina cike wa Asabe wurinta. In na zo kan sawun sai in rage makubar tsumman, don in ta yi yawa takan taru a dunduniya ta daɗe ba ta bushe ba.